Kokawa da Dambe, Namu da na Waɗansu Ƙasashe

Da malaminmu na Hausa ya ce kowa ya zaɓi abin da zai yi rubutu a kai, ban sha wahalar zaɓe ba, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta wasannin jarumtaka, watau kokawa da dambe da 'yan'uwansu na waɗansu ƙasashe, irin su judo da kareti. Amma kafin in kai ku Japan, bari in fara da abin da ya faru a bayan gidanmu a nan Gwadangaji, don shi ne mafarin zancen, kuma ni ne mai laifi a ciki.

Bara da kaka, bayan an gama yankan shinkafa a fadama, muna hutu ba aikin fari ba na baƙi, sai wani abokina ya nuna mini wani fim a wayarsa. A ciki na ga wani ɗan siririn mutum ya kama rigar wani ƙato, ya juya masa baya, ya ɗora shi a kan kwankwaso, ya sheme shi da ƙasa kamar buhun dusa. Muka maimaita wurin ya fi sau 10, har na tabbata a raina cewa na iya. Da la'asar na kira ƙanena, yaro ɗan shekara 11, na ce ya zo in nuna masa wani abu. Shi kuwa da yake duk abin da na ce ba ya musu, ya zo ya tsaya. Na kama shi, na juya, na ɗaga, na saki. Ƙasar wurin ta bushe ƙayau kamar daɓe. Da ya ga zai faɗi sai ya miƙa hannun dama don ya tare, na ji ƙas, kamar an karya kara. Ashe ƙashin wuyan hannunsa ne ya karye. Mako 6 ya yi da ɗauri, aka koma makaranta bai iya riƙe alƙalami ba, jarrabawar farko ta wuce shi.

Ba sai na gaya muku abin da na gamu da shi wajen Baba ba. Bayan ya huce, hukuncin da ya yanke shi ne kada ya sake jin kalmar kokawa ko kareti a gidansa. Inna kuwa kwana 2 ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba, wannan ya fi bulalar ciwo.

Kakana na wajen uba, wanda ya yi kokawa a zamanin samartakarsa har ana zuwa kallonsa daga ƙauyuka, shi ne ya kira ni zaure a kwana na uku. Ya ce, "Abokina, matso nan. Wanga abu da kay yi ba kokuwa ba ta, wauta ta. Mu ba mu kokuwa bisa tsandauri sai cikin rairai, kuma ba a gama yaro da wanda ba tsara nai ba. In ka ɗauki mutum sama, kai ad da alhakin aje shi ƙasa." Na ce, "To, Kaka, na ji." Amma a gaskiya a ranar kunya ce kawai ta cika ni, ban fahimci zurfin maganar ba.

Sai da muka koma makaranta na ba malaminmu na wasanni labari, ya yi shiru, sa'an nan ya ce kayen da na gani a fim na judo ne, kuma a makarantun judo ba a fara koya wa yaro kayar da mutum, sai an koya masa faɗuwa tukuna. Ana nuna masa yadda zai sunkuyar da haɓa don kada ƙeyarsa ta bugi ƙasa, da yadda zai lanƙwasa baya ya mirgina, da yadda zai doki tabarma da dukan tsawon hannu don ƙarfin faɗuwar ya watsu. Babban abin da ake hana shi kuwa shi ne ya miƙa tafin hannu ya tokare ƙasa, watau daidai abin da ƙanena ya yi. Na ce, "Malam, ashe faɗuwa ma darasi ce?" Ya ce ita ce darasi na farko. Daga nan na shiga neman labarin waɗannan wasanni a ɗakin karatu da intanet, ga kuma abin da na samo.

Wanda ya kafa judo wani malamin makaranta ne mutumin Japan, sunansa Jigoro Kano. Kada ku ce Bakano ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Yana yaro ƙaramin jiki gare shi, 'yan'uwansa ɗalibai suna cin zalinsa, saboda haka ya je ya koyi wata tsohuwar dabarar faɗa ta mayaƙan ƙasarsu da ake kira jujutsu. Da ya ƙware sai ya lura cewa akwai kamu da yawa a cikinta da ba a iya gwada su a kan aboki ba tare da an nakasa shi ba. Sai ya zauna ya tace, ya ware masu haɗari gefe, ya bar waɗanda mutum biyu za su iya yi da iyakar ƙarfinsu su tashi lafiya su gaisa. A shekarar 1882 ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a birnin Tokiyo, da almajirai 9 kacal, a wani ɗan ɗaki. Ya raɗa wa abin suna judo, ma'ana hanyar laushi, domin dabarar ita ce in abokin karawarka ya turo ka kada ka tokare, ka kauce ka ja shi, ƙarfinsa ya kayar da shi.

Abin da ya fi burge ni game da wannan malami shi ne aikin alƙalami da ya yi. Ya ba kowane kaye suna, ya jera su daki-daki daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya tsara matakai yadda almajiri zai san inda yake da inda za shi, kamar yadda muke tashi daga aji zuwa aji. Baƙar ɗamarar nan da kuke gani 'yan kareti suna taƙama da ita, daga makarantarsa ta samo asali. Kuma da yake shi ma'aikacin ilmi ne, ya yi ta fama har judo ta shiga makarantun ƙasarsu. A 1964, da aka yi wasannin Olamfik a Tokiyo, aka sa judo a ciki. A wannan gasa wani dogon Bature mutumin Holan, Anton Geesink, ya danne gwanin Japan a gaban mutanensa ya ci zinariya a rukunin da ba a duba nauyi. Mutanen Japan sun ji zafin abin ƙwarai, amma ni a ganina ranar ce aka tabbatar aikin Kano ya yi kyau, tun da har baƙo daga wata nahiya ya iya koyon abin sarai.

Kareti kuwa daga tsibirin Okinawa ya fito, can kudu da Japan, kuma ma'anar sunan ita ce hannu wofi, watau faɗa ba makami. Shi naushi ne da shuri da karewa, ba a cika kama jiki ba. Shi ma ta ƙofar makaranta ya fita duniya. A farkon ƙarni na 20 aka fara koyar da shi a makarantun tsibirin, kana a 1922 wani malami mai suna Gichin Funakoshi ya kai shi Tokiyo ya nuna, daga nan ɗaliban jami'o'i suka karɓa. Takwando na Koriya ɗan'uwansa ne, sai dai shi ya fi ba da ƙarfi ga ƙafa. An raɗa masa wannan suna a 1955, ya zama cikakken wasan Olamfik a 2000. Kada mu ɗauka abin na nesa ne. Chika Chukwumerije ɗan Nijeriya ya ci lambar tagulla a takwando a 2008, Abdoulrazak Issoufou Alfaga na maƙwabciyarmu Nijar kuma ya ci azurfa a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017.

Kunfu na ƙasar Sin shi ne wanda muka fi gani a fim, kuma shi ne ya fi ruɗin yara. Suna ne da ya tattara salo iri-iri masu yawan gaske, waɗansu ana danganta su da gidan ibadar Shaolin. Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973 yana da shekara 32, shi ya sa duniya ta haukace a kansa, har iyayenmu suna ba da labarin yadda samari kan fito daga silima suna ihu suna shurin iska. Sai dai a sani, tashi sama da ake yi a fim a haye rufin ɗaki, igiya ce ake ɗaura wa mutum a ja shi, naushin kuma ba ya sauka a jiki, kuma akwai katifa a ƙasa inda kyamara ba ta nunawa. Da na san haka bara, da ƙanena bai sha wuya ba.

Wanda ya ba ni mamaki duk cikinsu shi ne damben ƙasar Tailan, wanda suke kira muwai tai. Da na ga hotunan 'yan dambensu na dā sai na ce, kai, waɗannan ai namu ne! Igiya suke naɗewa a hannu kamar yadda ɗan dambenmu ke naɗe zare. Suna ɗaura wani abu a damtse don neman tsari, kamar kambun da muka sani. Ana yi musu kiɗa da busa tun daga farkon karawa har ƙarshe, kuma kafin a fara kowa sai ya zagaya fage ya yi gaisuwar girmamawa ga malaminsa. Bambancin shi ne su suna bugu da hannu biyu da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙwauri. To, wajen ƙarshen shekarun 1920 wani ɗan dambe ya mutu a fage sakamakon dukan hannu mai igiya, sai hukuma ta sa aka koma ga safar dambe, aka shigo da agogo da ma'aunin nauyi. Ba su yar da kiɗansu ba, ba su yar da gaisuwar malami ba, abin da ke kisa kawai suka cire. Yau ga shi mutane suna tashi daga Turai da Amurka su tafi Tailan su biya kuɗi a koya musu.

Damben Turawa ma haka ya bi. Dā a Ingila da hannu tsirara ake yi, ba iyakar turmi, sai wani ya kasa tashi. A 1867 aka buga dokokin da ake kira na Queensberry, aka ce a sa safa, kowane turmi minti 3, hutu minti 1, wanda ya faɗi a ƙirga masa 10. A ƙarƙashin irin waɗannan dokoki ne Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger ya bi bayansa a 1962, Nojeem Maiyegun kuma ya ciwo wa Nijeriya lambarta ta farko a Olamfik a 1964. Ita ma Nijar lambarta ta farko daga dambe ta zo, ta hannun Issaka Dabore a 1972.

Akwai kuma kapuwera ta ƙasar Barazil, wadda bayin da aka kwasa daga Afirka suka raya, faɗa ne da aka lulluɓe cikin rawa da waƙa, mutane sun yi da'ira suna tafi. Gwamnati ta haramta ta a 1890, aka riƙa kallon masu yin ta a matsayin 'yan iska, sai a shekarun 1930 wani gwani da ake kira Bimba ya buɗe mata makaranta a birnin Salbado ya tsara darussa, hukuma ta dawo ta amince. A wannan yanki na Bahiya, in ba ku sani ba, an kai Hausawa bayi da yawa, har tarihi ya rubuta yunƙurin tawayensu a 1807. Sumo ta Japan kuwa, ta ƙattin nan masu tumbi, dokarta kusan ɗaya da ta kokawarmu, duk wanda wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, ko aka tura shi wajen da'ira, an ka da shi. Turkawa suna shafe jiki da man zaitun kafin su kama, mutanen Sanigal kuma suna haɗa kokawa da naushi, suna cika filin ƙwallo da 'yan kallo. In na ce zan bi su duka, mujallar ba za ta ishe ni ba.

To, mu dawo gida. Mu mutanen Kabi bai kamata a ba mu labarin jarumtaka ba. Labarin baka ya nuna cewa Kanta, wanda ya kafa daular Kabi ya gina Surame, ya kuma ƙi biyayya ga Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16, tun yana saurayi a fagen dambe da kokawa ya fara yin suna, ba a samu mai karawa da shi ba, har samari suka bi shi. Wanda ya je gidan tarihi na Kanta a Argungu ya ga masu da takubba da bakuna da suka rage daga zamanin yaƙi. Kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba su kaɗai ake yi a Matan Fada ba. Ana kokawa, ana dambe, ana wasannin ruwa na kabanci.

Dambe asalinsa wasan mahauta ne, sukan bi garuruwa da kaka in an yi girbi, abinci ya wadata. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare har ya yi tauri, shi ake kira mashi, ɗayan kuma yana buɗe a gaba yana karewa, shi ne garkuwa. Ku dubi waɗannan sunaye, za ku gane cewa abin ya yi kama da atisayen yaƙi. Ana yin turmi 3, in hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an ce an kashe shi, ko da yake ba mutuwa ake nufi ba. Masu kalangu suna kiɗa, kowane gwani da takensa, in ya ji sai tsuma ta kama shi ya fito yana kirari. Wa bai ji labarin Shago da Ɗandunawa ba, waɗanda waƙar Ɗan Anace ta sa sunansu ya ƙi ɓacewa? Har yanzu a gidajen dambe ana rabuwa ɓangare-ɓangare, Kudu da Arewa da Guramaɗa. Dā waɗansu har akayau na ƙarfe suke ɗaurawa a ƙafa don shuri, amma an hana.

Kokawa kuwa ta manoma ce, ta kowa da kowa. Kakana ya ce a zamaninsu da an ɗauke amfanin gona, ƙauye yakan aika wa ƙauye goron gayyata. Da yamma a taru a wuri mai rairayi, yara ƙanana su fara, sa'an nan samari, manya su rufe. Dattawa suna zaune a gaba, su ne alƙalai, in sun ga an haɗa wanda ya fi ƙarfin wani sai su raba. Ba naushi, ba murɗa yatsa, ba shaƙe wuya. Da an yi kaye magana ta ƙare, wanda ya yi kayen ya miƙa hannu ya ta da ɗan'uwansa. Da na auna wannan da abin da na karanta game da judo, sai na ga ashe dokokin da Jigoro Kano ya rubuta, kakanninmu suna da irinsu: wuri mai laushi, tsara da tsara, babba mai sa ido, da hana kamun da ke nakasa mutum. Abin da ya raba mu shi ne nasu yana cikin littafi da makaranta, namu kuwa yana cikin kan tsofaffi, in tsoho ya kwanta dama ya tafi da nasa. Mu da muka taso yanzu ba mu je fage mun koya wajen dattawa ba, ba mu kuma samu a makaranta ba, sai muka ɗauko daga waya, inda ake nuna kaye ba a nuna faɗuwa.

Ba kuwa sai mun je Japan neman misali ba, ga Nijar nan kusa da mu, Doso ma ai maƙwabta ne. A can kokawa ita ce sarauniyar wasanni. Tun 1975 gwamnati ta kafa gasar ƙasa, aka yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. Kowace jiha tana kawo gwanayenta, akwai alƙalai da agogo da rubutattun dokoki, wanda ya yi nasara a ba shi takobi, a naɗa masa rawani, a ba shi kyauta mai tsoka. In ana gasar, kasuwa kan yi sanyi, kowa yana jikin rediyo ko talabijin. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobin nan sau da dama, yara a nan Kabi ma sun san sunansa. Ƙungiyar ECOWAS ita ma tana shirya gasar kokawar gargajiya tsakanin ƙasashe, inda ake raba 'yan kokawa bisa nauyinsu. A Nijeriya ma an sa kokawa da dambe da langa cikin bikin wasanni na ƙasa, kuma hotunan dambenmu a YouTube miliyoyin mutane sun kalla. Saboda haka ba za a ce ba a yi kome ba. Amma ni dai tun da na shiga makaranta, daga firamare har yau, an koya mini dokokin ƙwallon ƙafa da na raga da tsallen sanda, ba a taɓa koya mini ko kamu ɗaya na kokawa ba. Har waɗansunmu suna ganin kokawa abin ƙauyawa ce, alhali in an ce kareti sai su gyara tsayuwa.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da waɗansu abokaina za su ji haushi. Ban ce a kawo dambe makaranta ba. Ina son kallonsa, kiɗan kalangu yana motsa ni kamar kowa, amma dambe wasa ne da ake neman kan mutum, likitoci kuwa sun tabbatar cewa yawan bugun kai yana lahanta ƙwaƙwalwa, ko da safa ko ba safa. Muhammad Ali da kansa, duk da gwanintarsa, mun ga yadda ya ƙare rayuwarsa cikin makyarkyata, kuma da yawa suna danganta abin da dukan da ya sha. A garuruwanmu ma akwai tsofaffin 'yan dambe da ba haƙora, waɗansu ido ɗaya, ba kuwa wanda ke biyansu fansho. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ita ce jarinsa bai kamata ya kai ta fagen nan ba. Ina kuma roƙon iyaye, in yaro ya bugu a kai wajen wasa, kuka ga yana amai, ko jiri, ko barci ya rinjaye shi, ko maganarsa ta rikice, kada a ce ya kwanta zai warware, a kai shi asibiti nan da nan.

Kokawa ce nake roƙo a kawo. Ba ta bukatar kaya masu tsada, ba ƙwallo ba raga ba takalmi, yashi ne kawai da gajeren wando, yashi kuwa ga shi nan gulbi ya tara mana. Abin da za mu aro daga judo shi ne tsari: a fara da koyon faɗuwa, a auna nauyi a haɗa kowa da daidai shi, a rubuta kamun da aka yarda da wanda aka hana, kada a yi sai malami yana tsaye. A gayyato tsofaffin 'yan kokawa irin su kakana su nuna kamu, mu kuma masu boko mu rubuta sunan kowane kamu da yadda ake yin sa da Hausa, mu zana hotonsa. In kowane aji ya rubuta 5, kafin shekara ta zagayo mun sami ɗan littafi.

Na san abin da iyaye za su ce, domin na ji shi a gida. Za su ce wannan koya wa yara faɗa ne. Baba, Inna, ku yi mini haƙuri, yaran nan suna yi ko an koya musu ko ba a koya musu ba. Ku zagaya bayan ajujuwa lokacin tara, ko bakin fadama da yamma, za ku ga ana ɗaga juna ana bugawa a kan busasshiyar ƙasa, ba babba ko ɗaya a wurin. Ni ma ba wanda ya aike ni.

Na kai wannan magana wajen malamin wasanni, ya ce in shugaban makaranta ya yarda, kuma kowane yaro ya kawo takardar amincewar mahaifinsa, shi a shirye yake, har ya nuna wani wuri a gefen fili inda za a zuba yashi. Mu 14 muka rubuta sunayenmu. Da na kai wa Baba takarda, ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu bai ce uffan ba. Kaka ne ya sa baki daga inda yake zaune, ya ce, "Bar shi ya tai, ni ka zuwa in tsaya kansu." Baba ya ce, "To, Baba, na ji. Amma ba zan sa hannu ba sai na je na taka yashin nan da ƙafata, na kuma ji daga bakin malamin cewa watan farko faɗuwa kaɗai za su koya." Har yanzu takardar tana aljihunsa. Ƙanena kuwa, wanda wuyan hannunsa kan yi masa tsami in sanyin hunturu ya sauko, ya ce in an fara a rubuta sunansa, amma ba da ni za a haɗa shi ba.